Gadon Ƙarfe Mai Gaɓa Uku

Kowa a layinsu na unguwar Kpakungu a Minna ya san Kubura 'yar Malam Mudi mai walda, kuma kowa ya san Allah bai yi ta da kwanciyar rai ba. Ita ce za ta kulle ƙofa, ta kai bakin titi ta tsayar da keke, sannan ta ce wa mai keken ya ɗan jira, ta koma ta ja kwaɗon nan ta ji ko ya kama. Uwarta, Inna Larai, takan ce tun tana goye ba ta taɓa yarda da zanen goyo ba, kullum hannunta na damƙe da wuyan rigar uwar kamar an gaya mata za a sake ta. Mutane na dariya, ita ma tana yi. Amma wanda bai taɓa zama da irin wannan zuciya ba bai san wahalarta ba.

Gidansu gidan ƙarfe ne. Jirgin ƙasa ne ya kawo kakanta Minna, ya ƙare rayuwarsa yana gyaran ƙafafun tarago. Ɗansa Mudi ya buɗe shagon walda a bakin hanya, shi da abokinsa Gaiya, mutumin kudancin Kaduna da ya zo neman aiki yana saurayi, bai ƙara komawa gida ba sai in Kirsimeti ta zo. Shagon nan na da dokoki biyu, duka na Mudi. Ta farko ita ce mai nauyi a ƙasa: ko ƙofa ce, ko hasumiyar tankin ruwa, duk ƙarfen da ya fi kauri shi ke zama gindi, babu musu. Ta biyu kalma ɗaya ce, kuma Kubura ta fi kowa jin ta. Tana ƙarama, in an taso makaranta, ita ke riƙe wa babanta ƙarfe da awartaki, ta kawar da fuska, shi kuma ya ɗiga wuta. In ya gama sai ya ce, "Saki." Ita kuwa ba ta saki.

"Ke, saki mana," in ji shi. "In ya kama, ya kama. In bai kama ba, hannunki ne zai riƙe shi har tashin duniya?"

Sai ta saki da ƙyar tana runtse ido, shi kuma ya ƙwanƙwasa aikin da bayan yatsa, wanda shi ne sa hannunsa a kan duk abin da ya yarda da shi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kubura ta shiga jami'a ta karanta injiniyancin injuna, kuma cikin duk abin da aka koya mata, lissafin juyi ne ya shiga ranta ya zauna. Lissafi ne na yadda abu ke juyawa a sarari, da inda fuskarsa ke kallo bayan ya juya. Da shi ake sarrafa hannun injin masana'anta, da shi jirgin sama ke sanin ko ya karkata. Abin da ya kama ta shi ne, a nan lissafi ya saɓa wa abin da aka koya wa kowa tun firamare. Uku sau huɗu da huɗu sau uku duk sha biyu ne. Juyi kuwa ba haka yake ba, wanda ya riga da wanda ya biyo baya ba sa musanya wuri. Ba ta sami aikin jirgi ba, ba ta sami na masana'anta ba. Koyarwa ta samu a wata makarantar fasaha, ta yi aure a unguwar Tunga, amma kullum akwai kwalin ashana a jakarta. Takan ɗora shi a tebur hotonsa na kallon sama, ta kifa shi gaba sannan ta mirgina shi dama, hoton ya kalli allo. Ta mayar da shi yadda yake, ta fara mirgina shi dama sannan ta kifa shi gaba, hoton ya kalli taga. Juyi biyu ne dai, iri ɗaya, amma ba wuri ɗaya suka kai shi ba. Ɗalibai suka raɗa mata Malama Ashana, sunan ya bi ta har kasuwa.

A tsakiyar zafin bazara Malam Mudi ya yanke jiki ya faɗi a shago. Aka yi asibiti, aka dawo da shi gida ɓarin damansa ya shanye, harshensa ya yi nauyi har ba a gane abin da yake cewa sai da kyakkyawan saurare. Ga shi mutum ne ƙato, wanda a da shi kaɗai ke ɗaga ƙofar ƙarfe. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba shi ta gargaɗe su da babbar murya cewa a riƙa juya shi a kai a kai, in ba haka ba kwanciya za ta ci masa fata, kuma ta riga ta fara ci a ƙugu. To wa zai juya? Mazan layin duk sun fita nema tun safe. Kubura na makaranta. Sai Inna Larai, wadda bayanta ya soma ƙin miƙewa, tana tafiya tana dafa bango.

Sannan ga salla. Malamin unguwa ya zo har ɗaki ya ce masa mara lafiya yana salla yadda ya samu kansa, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Mudi ya saurara, ya gyaɗa kai, lokacin salla ya yi ya ƙura wa silin ido ya ƙi ɗaga hannu sai an kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla. Taurin kai ai ba ya shanyewa. Wata rana da aka tara maƙwabta suka cicciɓe shi, zanen da aka rufa masa ya zame a gabansu. Kubura ta ga hawaye na gangara cikin kunnen babanta, abin da ba ta taɓa gani ba tunda aka haife ta.

Ana haka ƙanensa, Baffa Zakiyyu, ya zo daga Paiko. Ba mugu ba ne, manomi ne mai faɗin gaskiya ko da ɗaci. Ya dubi ƙugun yayansa, ya dubi yadda Inna Larai ke tashi daga tabarma, ya ce, "Maman Kubura, in aka ci gaba a haka, marasa lafiya biyu za mu yi jinya. Ina da samari a gida. Da zarar ruwa ya sauka na gama shuka, zan zo da mota in tafi da Yaya."

Mudi ya miƙa hannun hagu ya damƙe ƙarfen gadonsa, yana girgiza kai, yana wani gurnani. Gidan nan shi ya ɗora kowane bulo nasa, daga ɗakin yana jin ƙarar guduma a shagonsa. Kubura ta san in aka raba shi da wannan ƙara, ba zai daɗe ba. Bakinta ya riga hankalinta, ta ce, "Baffa, in Inna ta iya juya shi ita kaɗai fa?"

"In ta iya, ni mene ne nawa? Sai in koma da motata wayam."

Daga ranar Kubura ta zama mai gaba da hadari. Mutanen Minna na roƙon ruwa saboda zafi ya ishe su, ita kuwa in ta ga gajimare ya taso ta gabas sai ta hau ƙirga kwanakin da suka rage mata.

Gado ta zana mai gaɓa uku. Gaɓa ta farko a can gindi, a kan ƙarfen da tayar mota ke juyawa a kai, don gadon ya iya kewayawa a tsakar ɗaki. Ta biyu ta mirgina mai kwanciya zuwa gefe. Ta uku ta ɗaga kansa sama, don an ce kada a bar shi kwance shamɓal saboda shaƙewa. Jak ɗin mota ne zai ɗaga ta biyu da ta uku, kowace da nata, mai hannun murzawa wanda ko tsohuwa za ta iya. Ta yi lissafin nauyin da zai faɗa kan allon gefe da wanda zai faɗa kan allon ƙafa, ta sake yi, ta kuma sake yi. Ta auna alƙibla, gabas da ɗan karkata arewa, ta shafa fenti a siminti inda gadon zai tsaya. Da yake lokacin jarrabawa ne a makarantarsu, sai ta zana kowace gaɓa daban ta kai wa Gaiya, ta ce ya fara.

Gaiya bai taɓa damuwa da bambancin "ke" da "kai" ba, kowa kai ne a wurinsa. Ya karɓi zanen ya ce, "Injiniya, kar ka damu. Gadon Mudi ne, ko ban ci abinci ba zan yi shi."

Ya kuwa yi shi, aiki mai kyau, walda sumul. Da aka gama, Kubura ta ce babanta ba zai hau ba sai an gwada, don sai an gwada akan san na ƙwarai. Ta je Kasuwar Kure ta aro buhun masara wurin wani abokin babanta, aka ɗora a kan katifar a cikin shago. Ta murza jak ɗin kai, buhun ya ɗago. Ta koma na gefe tana murzawa a hankali, gadon na karkata, tana ƙirga kusurwa a ranta. Bai kai inda ta tsara ba sai ta ji wani sululu. Buhun ya zame ya yi ƙasa, ya daki allon ƙafa, allon ya lanƙwashe kamar marfin gwangwani, buhun ya faɗi tim a ƙasa ya fashe.

Masara ta watsu har bakin titi, kajin maƙwabta suka rugo. Kubura ta tsaya hannunta a kan jak, ba masara take gani ba, kan babanta take gani a simintin nan. Ta zauna a kan wani tsohon injin.

"Wannan wane irin wahala ne?" in ji Gaiya. "Wallahi yadda ka zana haka na yi. Ga gaɓa, ga gaɓa, ga gaɓa."

Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gadon, nan take ta gani. A lissafinta gaɓar mirginawa ce a ƙasa, ta ɗaga kai na zaune a kanta. In aka yi haka, da gadon ya mirgina sai gaɓar kai ta mirgina tare da shi, gangaren da ke jan mutum wajen ƙafa ya ragu sosai, shi ya sa ta sa allon ƙafa marar kauri. Gaiya kuwa ya sa ta ɗaga kai a ƙasa, ta mirginawa a sama. Gangaren yana nan cif ko an mirgina ko ba a mirgina ba, ga shi mirginawar ta rage nauyin da ke danne buhun a katifa, sai kawai ya bi hanya.

"Baba Gaiya, me ya sa wannan ce a ƙasa?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi me ya sa wuta ke da zafi. "Shi ne ya fi nauyi mana. Mai nauyi a ƙasa. Ba dokar babanka ba ne?"

Dokar babanta ce. Ita kuma a zanenta babu inda ta nuna wace ke kan wace, domin a wurinta abin a bayyane yake cikin jerin lissafi, ta manta Gaiya ba jerin lissafi yake karantawa ba, dokar shago yake bi. Ta fito da kwalin ashana ta nuna masa, gaba sannan dama, dama sannan gaba. Ya karɓa ya juya da kansa, ya sake juyawa. Can ya ce, "Kai, wannan ƙaramin abu ma yana da wayo." Ba su gama kwashe masarar ba iska ta taso, sama ta yi baƙi, ruwan farko ya ɓarke a kan kwanon shagon.

A yanke gadon a sake haɗawa? Gaiya ya ce ƙarfen da aka yanka aka sake ƙonawa bai yarda ya ɗora Mudi a kai ba, neman sabo kuma zai ci lokacin da ba su da shi, tunda a Paiko an riga an shiga gona. Saboda haka Kubura ta bar gadon yadda yake, ta juya lissafin ya bi shi. Ta sake jera juyin nan bisa yadda gaɓoɓin suke a zahiri, ta fitar da sabon nauyi. Aka cire allon ƙafa aka sa mai kauri da tokara biyu, aka ƙara matashi mai tauri da zai tare ƙugu, da ɗamara mai faɗi a ƙirji. Ta kuma gano wani abu: da sabon jerin, fuskar mai kwanciya ba za ta kalli inda ta zata ba. Da buhun bai faɗi ba, da babanta ya yi ta salla a karkace ba wanda ya sani. Ta kankare fentin simintin ta shafa sabo, ɗan nesa da na farko.

Aka ɗinke buhun aka sake ɗorawa, ya zauna daram. Aka ƙara masa rabin wani, ya zauna. Gaiya da kansa ya cire takalmi ya hau, ta mirgina shi, yana cewa, "To, yau ga Gaiya ya kalli Makka, kar dai fasto ya ji." Gadon bai ko yi ƙara ba. Aka kai shi gida aka kafa a tsakar ɗaki. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kullum Kubura ta taso makaranta sai ta zo ta murza, ta leƙa, ta taɓa kowace walda, ta ce gobe. Goben ta zo ta ce akwai ƙusa ɗaya da ba ta gamsu da ita ba. Abinci ya daina shiga mata. Mudi na kwance a tsohon gadonsa yana bin ta da ido, ƙugunsa na ƙara ci.

Tana cikin wannan goben, wata ranar Asabar da yamma, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida da katifa shimfiɗe a baya. Baffa Zakiyyu ya shigo da samarinsa biyu, taɓon gona bai gama fita daga ƙafarsa ba. Bayan gaisuwa ya zagaya gadon ƙarfen nan yana kallo, ya ce, "Shi ne wannan? To, bismilla. Ko mota ko nan, ɗaukar dai ɗaya ce."

"Baffa, da an bari na ƙara gwadawa sau ɗaya," in ji Kubura.

Inna Larai ta juyo a fusace. "Ke! Buhu ya hau, Gaiya ya hau, ni nan da ciwon bayana kin hau da ni. Saura wa, liman? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku ɗauko shi."

Samarin suka ɗauko Malam Mudi a hankali, wannan karon an ɗaure zanen tam, suka kwantar da shi. Aka ja ɗamara. Daga masallacin layi aka fara kiran la'asar. Inna Larai ta kama hannunsa na hagu ta taimaka masa ya yi taimama, sannan ta tura gadon da gwiwa ya kewaya har ƙafarsa ta hau fentin. Ta murza jak ɗin kai. Ta koma na gefe ta fara murzawa, jikin Mudi ya soma karkata dama.

Kubura ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Sai ganin ta aka yi durƙushe a gefen da yake gangarowa, hannu ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a ƙugu, tana tokare shi da dukkan ƙarfinta. Ta san lissafin daidai ne, ta san allon zai ɗauki ninkin nauyinsa, amma hannunta bai san lissafi ba. Inna Larai ta kai ƙarshen murzawa ta tsaya tana haki.

Baffa Zakiyyu ya yi gyaran murya.

"Kubura, ita kaɗai muka ce. Yanzu ni ban san wa ke riƙe da Yaya ba, ke ko gadon. Ke kuma gobe kina Tunga."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Muddin hannunta na wurin, motar da ke waje ba za ta koma wayam ba. Ta umarci yatsunta su buɗe, suka ƙi. Buhun nan kawai take gani yana sululu.

Fuskar babanta na dab da tata. Ta ga leɓensa na motsi, yana kokawa da harshen nan mai nauyi, jijiyar wuyansa ta tashi. Abin da ya fito a karkace ya fito, amma babu wanda bai gane shi ba a ɗakin, har Gaiya da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Saki."

Ta runtse ido kamar yadda take yi tana yarinya, ta janye hannu.

Ba abin da ya motsa. Da ta buɗe ido, Malam Mudi na kwance a kan damansa, ƙugunsa a jikin matashi, tafin ƙafarsa a jikin allo. Ya lalubo ƙarfen gefen gadon da hannun hagu, ya shafa waldar, ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Sannan ya ɗaga hannun zuwa kunne.

Baffa Zakiyyu ya ce wa samarinsa su je su naɗe katifar mota kafin ruwa ya jiƙa ta. Ya karɓi buta ya yi alwala a tsakar gida, ya dawo ya ɗauki sallaya. Bai tambayi kowa ina ne gabas ba. Ya dubi inda fuskar yayansa ke kallo, ya shimfiɗa ta nan, ya tayar da salla.

Kubura ta ja da baya ta jingina da bango. Ta mayar da hannuwanta baya, ta riƙe ɗaya da ɗaya gam don kada su koma, ba ta sake su ba har babanta ya yi sallama.